Wasiƙu Talatin da Uku a Kwandon Shara

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗi laifina da bakina. Ni Ruma'isa, 'yar Malam Wakili ta bayan tasha a Magariya, na yi wata takwas ina karanta wasiƙun wani bawan Allah ba da izininsa ba. Na san ba kyau. Na yi istigfari, na kuma ci gaba da karantawa.

Abin ya samo asali ne daga ordinatar tawa, wato kwamfuta. Yaya Zakari ya aiko min da ita daga Yamai lokacin da na gama koyon aikin sakatariya a Damagaram. Ta hannu ce, baƙa, mai nauyin tsiya, haruffa uku sun goge sai dai a danna da sani. Da ita nake buga wa mutane takardun neman aiki a zauren gidanmu. Amma a gidan nan ba mai kiranta ordinatar. Hajiya Babba ake ce mata, domin ba ta fitowa sai ta shirya. In kin danna maɓallinta sai ta yi tari, ta yi nishi, sannan ta nuno wani ɗan zobe yana juyawa. Kina iya ɗora tukunya, ki wanke shinkafa, ki leƙa maƙwabta barkar haihuwa, ki dawo ki tarar zoben yana nan yana aikinsa.

Ba laifinta ba ne, baiwar Allah. Duk wanda wayarsa ta portabul ta cika a unguwarmu wurina yake zuwa: "Ruma, ajiye min a Hajiya." Bikin 'yar wance, sunan ɗan wane, tafsirin Baba na azumi huɗu, finafinan ƙanwata Hinda waɗanda ta kalla har ta haddace, har da bidiyon wani raƙumi da har yau ban san mai shi ba.

To, a cikin masu zuwa wurin Hajiya akwai Malam Ubaidullah. Mutumin Dogo-Dogo ne, gidansu masu shanu ne masu noma, shi ke yi wa dabbobin karkararsu allurar rigakafi. Duk Laraba bayan la'asar sai ga shi a kan moto, wato babur, da akwatin maganinsa ɗaure a baya, ya zo ya buga lis ɗin sunayen masu dabbobi, ya sa a kile, ɗan filashin nan na adana takardu, ya kai serbis ɗin kiwo, wato ofishinsu, da safe. Dogo ne, siriri, mai dogon hanci, kullum cikin riga ruwan toka ko ruwan ƙasa. Da yatsa biyu yake bugawa. In kin ce masa ina wuni, sai ya yi ɗan tunani kafin ya ce lafiya.

Baba yana da doka. Namiji baƙo ba ya zama a zaurenmu sai da dalilin aiki, aikin na ƙarewa ya tashi. Shi Baban yana bakin ƙofa a kan tabarmarsa da rediyonsa, ƙofa a buɗe. Sai dai dokar ba ta san halin Hajiya Babba ba. Aikin minti goma sai ta mayar da shi na awa biyu. Mu zauna, shi a wancan gefen tebur, ni a wannan, muna kallon zobe.

"Yau ma ta yi nauyi," in ji shi.

"Wallahi kuwa."

Sai minti ashirin su wuce.

"An yi ruwa a wajenku?"

Sai ya yi tunani. "An ɗan yi."

Hirarmu ke nan, jama'a. Amma ni in Laraba ta yi tun da hantsi nake goge atamfa.

A tsakiyar zaman kullum nakan tashi in shiga gida in dama masa fura. Wata Laraba, bayan ya tafi, na goge takardar wani malamin lekwal, wato makarantar boko, bisa kuskure, na shiga kwandon sharar ordinatar in dawo da ita. Wanda bai sani ba, in ka goge abu a ordinatar ba ya ɓacewa nan take, cikin wani ɗan kwando yake faɗawa a kusurwa, sai ranar da aka zubar. A nan na ga wata takarda an sa mata suna "lis na biyu". Na buɗe don in ga ko ta aiki ce.

"Malama Ruma'isa, yau na taso da magana a bakina tun daga Dogo-Dogo. Har Dungas tana nan. Da na shigo zaurenku na ga kin ɗaura ɗankwali ruwan ganye, sai ta koma."

Na karanta sau bakwai. Tuwo ya ƙone ranar.

Ashe lokacin da nake damun fura shi kuma yana rubutu. An koya masa a wurin horo cewa duk abin da ya buga ya adana shi saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, don haka sai ya adana. Yana jin takuna kuma sai kunya ta kama shi ya goge. Duk Laraba ɗaya. Ni kuwa ƙarar motonsa na ɓacewa sai in fito da ita, in karanta, in mayar da ita kwando kamar ban taɓa ba.

Ta shida na fi so. "Akwai wata karsana a garkenmu, fara mai baƙin kunne, ba ta cin abinci in ana kallonta. In na gan ta sai in tuna da ke. Ki yi haƙuri, a wurinmu wannan yabo ne."

Na san me za ku ce: me ya hana ki kwashe su ki adana a wani wuri? Ba ku san Hinda ba. Ba dosiyen ajiya a cikin Hajiya da yarinyar nan ba ta buɗewa, ba kilen da ba ta sokawa ta ga abin da ke ciki. Abu ɗaya ne a duniya Hinda ba ta taɓawa, shi ne duk abin da ya shafi shara. Ko ta tsakar gida sai an yi faɗa. Saboda haka kwandon nan ya fi akwati mai kwaɗo tsaro. Wasiƙu talatin da uku suka taru a ciki, kuma su kaɗai ne shaidata cewa mutumin nan yana so na, domin bakinsa bai taɓa wuce zancen ruwan sama ba. Saƙonsa a waya ma guda ɗaya ne tun farko, duk Talata: "Salam. Gobe in sha Allah. Akwai kuran?"

Ranar Lahadin da ta wuce muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Inna ta gyara zama. Da na ga ta aika Hinda ɗebo ruwan da ba a bukata, na san da magana.

"Ruma, shekarunki nawa?"

"Inna, ke kika haife ni."

"Ashirin da huɗu. Mutanen yaron Hinda sun sake aikowa. Babanku ya ce ba ya aurar da ƙanwa ya bar yayarta a zaune. Kin tsaya wa yarinya a hanya."

"Ta wuce mana, ni na riƙe ta?"

"Rufe min baki. Gwaggonki za ta zo Juma'a kan maganar Ammar. Ba mai yi miki dole, kin san babanki. Amma in kina da wani, ki fito da shi. In ba ki da kowa, da wane baki za mu ce wa 'yar uwarsa a'a?"

Na matse gyaɗa ɗaya har ta farfashe.

"Akwai wani?" Inna ta ce.

Me zan ce? In ce akwai, yana cikin kwandon shara? In ambaci sunan mutumin da bai taɓa furta min komai ba, a aika Dogo-Dogo, ya yi tunani ya ce shi lis yake zuwa bugawa? Da wane ido zan ƙara fita unguwa?

"Ki ba ni zuwa Juma'ar," na ce.

Ammar taubashina ne, ɗan Gwaggo, yana gyaran waya da ordinatar a Damagaram. Ba mugu ba ne, kar ku ɗauke shi da zafi. Tare muka yi wasan ƙasa, na taɓa fasa masa kai da murfin kwano. Matsalarsa ɗaya: komai nasa da gudu ne, magana, tafiya, cin abinci. Wando ɗamamme, tabarau ba ciwon ido, turare kuwa yana shigowa minti biyu kafin shi. Daren Lahadin tun kafin isha ya jero min saƙo tara.

"Kuzin!"

"Kin yi barci?"

"Gobe ina zuwa da siprize."

"An ce injinki ya tsufa."

"Zan mayar miki da ita amarya."

Sauran huɗun hotunan fure ne. Na rubuta masa, "Ka bar min kayana, lafiyarta lau." Ya turo fuska mai dariya har da hawaye.

Litinin da hantsi sai ga shi da jaka a baya. Inna ta shimfiɗa masa babbar darduma a rumfa, wadda ko Yaya Zakari ba a shimfiɗa wa. Ta ce in sa leshina ruwan zuma. Na sa wata tsohuwar atamfa mai zanen kifi, na ɗaura ɗankwali a karkace. Kafin in ankara Hinda ta ɗauko Hajiya Babba ta ajiye a gabansa.

Ya danna. Zobe ya fara juyawa. Ya duba agogo, ya sha ruwa, ya sake duba agogo.

"Innalillahi. Kuzin, da wannan kike aiki? Ai wannan ba ordinatar ba ce, jarrabawa ce."

"Haka nake son ta."

"Kunya take ji," in ji Inna. "Yi aikinka, ɗana."

Gaskiya yaron ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya kife ta, ya kwance ƙusoshi, ya buɗe cikinta. Fankar da ke sanyaya ta ta toshe da ƙaiƙayin gero, har da busasshen kyankyaso guda. Hinda ta yi ihu. Ya hure, ya goge da ɗan buroshi.

"A ina kike ajiye ta?"

"Kan katifa."

"In lulluɓe ta da zane saboda ƙura," Inna ta ƙara da alfahari.

"Shi ya sa take nishi, Inna. Numfashi take nema. A kan tebur ake ajiye ta, kuma ba a rufe ta tana aiki."

Ya ciro wani ɗan siririn abu kore daga jakarsa ya maƙala mata, ya ce ƙarin ƙwaƙwalwa ne. Ya mayar da murfi, ya kunna, muka sake jira. Da ta buɗe sai ya kama kai.

"Antibirus uku! Wa ya sa miki uku?"

"Kowa ya zo sai ya sa nasa, wai ya fi ƙarfi."

"Ai su suke faɗa da juna, su hana ta aiki." Ya cire biyu. Ya nuna mana wasu abubuwa goma sha ɗaya da ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna, ya kashe tara. Sannan ya jona wani ɗan akwati baƙi, ya kwashe bukukuwan unguwa kaf zuwa ciki, da tafsirin Baba, da finafinan Hinda, da raƙumin. Ni dai ina tsaye ina addu'ar a ɗauke kuran. Ranar kuwa ko ƙiftawa bai yi ba.

Can sai na ga kibiyar tana gangarawa kusurwa.

"Saura shara," ya ce. Ya buɗe kwandon. "Lis na biyu, lis na biyu, lis na biyu... Kai! Talatin da uku. Wannan duk mene ne?"

In ya buɗe ɗaya, taubashi ne, da ƙarfi zai karanta, har da kwaikwayon murya. Inna na zaune, Hinda ta miƙo wuya.

"Tsofaffin lis ɗin shanu ne," na ce. "Kar ka buɗe, ba komai a ciki."

"To a zubar."

"A'a! Bar su."

"Kin ce ba komai a ciki."

"Eh, amma... na saba da su."

Ammar ya cire tabarau ya kalle ni. "Kin saba da shara?"

"Haka take," in ji Inna. "Je ka ga ƙarƙashin gadonta, har kwalin sabulun bara yana nan. Zubar, ɗana."

"Ammar, don girman Allah..."

Ya danna. Hajiya ta yi wata 'yar ƙara, ƙaras, irin ta takarda in an dunƙule ta. Shi ke nan. Karsana mai baƙin kunne, ɗankwali ruwan ganye, wata takwas, duk sun tafi ina tsaye da atamfar kifi.

"Na kuma gyara miki," ya ce yana murmushi. "Daga yau duk abin da kika goge ba zai tsaya a kwando ba, kai tsaye zai wuce. Ba za ta ƙara tara datti ba."

Ya kashe ta ya sake kunnawa. Kafin Inna ta gama cewa "Allah ya yi albarka" ta buɗe. Hinda ta yi guɗa. Ni na shiga bayi na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na fito na ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Da zai tafi na bi shi zaure. "In mutum ya zubar da abu bisa kuskure, ana iya dawo da shi?"

"Wani lokaci. Amma ni na bi da abin da ke share wurin tas. Aikina ba rabi-rabi ba ne, kuzin." Ya kashe min ido. "Sai Juma'a."

Talata na tashi da niyyar mayar da Hajiya gidan jiya. Ko wasiƙun sun tafi, in dai awa biyun nan suna nan, akwai sauran fata. Na ɗora ta a katifa na lulluɓe da bargo. Na aika a faɗa wa matan unguwa duk mai bidiyo ta kawo. Na loda mata biki shida da suna biyu. Na buɗe komai a lokaci guda. Wallahi ko gezau ba ta yi ba, sai ma wani sauri da take ƙarawa kamar da gayya. Na ce, "Hajiya, ni za ki yi wa haka? Bayan duk lulluɓin da muka yi miki?"

Da yamma saƙo ya shigo. "Salam. Gobe in sha Allah. Akwai kuran?"

Na rubuta, "Akwai magana." Na goge. Na rubuta, "Juma'a za a ba da ni." Na goge, don ƙarya ce, ba mai ba da ni, ni ce dai ba ni da abin faɗa. Daga ƙarshe na tura, "Akwai."

Laraba na sa ɗankwalin nan ruwan ganye, da atamfar da ta dace da shi, na zizara kwalli, na shafa humra kaɗan. Bayan la'asar na ji motonsa. Ya gaida Baba a bakin ƙofa, gaisuwar da ta fi duk hirarmu tsawo, ya yi sallama ya shigo. Na danna maɓalli. Bai gama cire takalmi na biyu ba Hajiya ta buɗe.

Ya tsaya da takalmi a hannu yana kallonta. "Lafiya take?"

"An gyara ta."

Ya yi tunani. "Allah sarki," ya ce, kamar an gaya masa rasuwa.

Ya zauna ya fara bugawa da yatsunsa biyu. Duk abin da ya taɓa sai ya buɗe nan take. Na ga yana jan aikin, yana karanta kowane suna sau biyu, amma ina. Minti tara lis ya ƙare. Na miƙe da sauri na ce bari in kawo fura. A ciki na dama ta a hankali yadda ban taɓa yi ba, don in ba shi lokaci. Nono mai kyau, citta kaɗan, ba sukari, yadda yake so.

Da na dawo na ga hannunsa ya yi wuf ya danna. Na san wannan dannawar. Sai a lokacin maganar Ammar ta faɗo min, amma na ce a raina ƙila cika baki ne irin nasa.

Daga waje Baba ya ce, "Na ji yau injin ba ta nishi. Har an gama?"

"An gama, Baba," in ji Malam Ubaidullah. Ya kurɓi furar sau biyu, ya ajiye kwanon, ya zare kilensa. "To, Malama. Sai wata Larabar."

Wata Larabar! Yana fita na faɗa kan kwandon. Wayam. Na rufe na sake buɗewa. Wayam.

Ban san lokacin da na fita ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗankwali ya zame. Yana ƙoƙarin tayar da moto, Baba na zaune da rediyo a kunne.

"Malam Ubaidu! Me ka rubuta yau?"

Kalmar na fita na ji kamar in nutse. Na tona kaina da kaina, a titi, a gaban mahaifina.

Ya sauke ƙafarsa daga kan moto. "Ba ki gani ba?"

"Kwandon ba ya riƙe komai yanzu. An..." Sai na tsaya. "Me ka ce? Ban gani ba? Kana nufin ka san ina gani?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin. "Tun ta tara."

"Ta tara!"

"A ta tara na rubuta cewa citta ta ɗan yi yawa a furar. Da na dawo an rage. Sai na ce bari in tabbatar. A ta goma na rubuta cewa ba na son sukari."

"Ai ban ƙara sa maka ba."

"Eh. Malama, ina son sukari. A gida cokali uku nake sawa."

Jama'a, kusan wata shida bawan Allahn nan yana shan fura salam, mai tsami, yana cewa Allah ya yi albarka. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

"Me ya hana ka rubuta cewa ƙarya kake?"

"Sai ki gane na gane. Sai ki ji kunya ki daina karantawa."

Ƙit, Baba ya kashe rediyo. Duk muka tuna yana wurin. Malam Ubaidullah ya sauka daga moto ya durƙusa, ni na juya ina kallon bango.

"Wata takwas ina zaune a ƙofar nan," in ji Baba, "ban taɓa jin ka yi magana mai tsawon wannan ba. Ci gaba. An tambaye ka me ka rubuta."

Gumi ya karyo masa. Wata akuya ta zo ta wuce tsakaninmu.

"Baba... tambaya ce."

"Ina ji."

"Ko... ko in turo su Kawu."

"Ni ka rubuta wa?"

"A'a, Baba."

"To tambayi mai kwandon."

Ya juyo, bai kalle ni ba, takalmina guda ɗaya yake kallo. Maganar ta fito, kowace kalma daram.

"Malama Ruma'isa, ina son ki. Tun kafin ta ɗaya. In turo?"

Ku da kuke cewa da ku ne da kun ce kaza, ƙarya kuke. A gaban Baba? Na kwasa da gudu na yi cikin gida. Na tsaya a bayan ƙofa ina haki, ina jin shirun da na bari a waje, na san mutumin nan yanzu yana can yana tunanin an ƙi shi. In ya hau moton nan, sai bayan shekara zai sake haɗa wata maganar.

Na shiga ɗakin Inna na ɗauko gwangwanin sukarinta na baƙi, wanda take ɓoyewa a bayan kwalla. Na biya zaure na ɗauki kwanon furarsa. Na fita, na durƙusa a gabansa, na buɗe gwangwanin. Cokali ɗaya. Biyu. Uku. Na ɗaga kai na kalle shi, na ƙara na huɗu. Na juya na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙasan kwano.

Baba ya kunna rediyonsa, ya mayar kunne, yana kallon titi. "Ka ce wa kawunnan naka gobe Alhamis, da hantsi," ya ce. "Juma'a ina da baƙi."

Ban taɓa sanin moton Malam Ubaidullah yana gudu ba sai ranar. Ko sallama bai yi ba. Ya bar kilensa a kan tabarmar Baba, ya bar hularsa, akwatin magani na tsalle a bayansa har ya sha kwana.

Na tattara kwano da gwangwani na shiga gida a hankali, ina ɓoye su a bayana. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafar wainar da za a tarbi Gwaggo da ita, tana 'yar waƙarta. Ta ɗago ta dube ni daga ɗankwali har ƙafar da ba takalmi.

"Ke, Ruma," ta ce. "Me kike yi da sukarin baƙina?"